Kafa Arba'in da Takwas

Ƙarfe biyu na dare a Sharaɗa.
Gari ya kwanta, ɗakin nan bai kwanta ba.
Sanyi ya ci yatsuna,
fankoki na gurnani kamar injin niƙa a bayan katanga.
Daga ni sai shayin da ya huce,
sai akwatin ƙarfe mai ƙyafta korayen idanu.

Suwic ake ce masa.
Kafa arba'in da takwas gare shi.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa,
ko Allah zai sa kuskure na yi.
Kowace kafa da kebul a bakinta,
babu wurin zura ko tsinke.

Da la'asar Alhaji Munzali ya leƙo,
ya ce, "Tasi'u, na'ura ashirin ta iso,
ka nema musu wuri."
Na ce, "Ranka ya daɗe, tulu ya cika."
Ya ce, "To, a sayo wani tulun."

A baki maganar da daɗi.
Amma sabon akwati sai ya gaisa da tsoho,
gaisuwar kuwa kafa take ci.
Ka sayo huɗu, ka sayo takwas,
ka wayi gari rabin ƙofofin gidanka
daga ɗaki zuwa ɗaki suke,
babu wadda ta kalli titi.

Yau albashi ya sauka.
Dubi saƙo yadda yake turereniya,
kamar Kwari ana jibi salla:
ɗan dako da dila a ka, mai kura, mai ruwan sanyi,
duk lungu ɗaya suke so,
lungun kuwa bai ƙara taku ba.
Akwai ɗan zaure a cikin akwatin, na jira.
Wanda ya tarar da shi a cike,
a bakin ƙofa ake zubar da shi, ba ko sannu.
Can a Kurna, wata ta tsaya gaban mai shago,
kuɗin magani ya fita bai isa ba.
"Netwok ne, Hajiya."
Ni take zagi, ba ta san sunana ba.

Babana wasiƙa ya raba, shekara talatin,
a kan keken da ya fi ni shekaru.
Yakasai a kansa take, gida-gida,
ya san wanda ya tashi, ya san wanda ya tare.
Sai gari ya yi ƙafa:
ya tsallake ganuwa, ya cinye gonaki,
unguwa na haihuwar unguwa kafin a raɗa mata suna.
Ran nan na gan shi a bakin wani layi,
wasiƙa a hannu, ya ɗaga murya,
yana kiran suna ga kowace ƙofa,
ko wata za ta amsa.
A gida ya ce min, "Ba mantuwa ba ce.
Kan ne ya cika."

Haka wannan ƙarfen yake yi, Baba.
In littafin adireshinsa ya ƙare,
sai ya yi wa kowace kafa shela,
hayaniya ta taru a kan hayaniya,
har mai gaskiya ya rasa hanyar wucewa.
Mun ba shi wuta, mun ba shi sanyi,
janareto na shan gas dominsa.
Abu ɗaya muka kasa:
mu roƙi Kano ta tsaya haka nan.

An kira assalatu a masallacin ma'aikata.
Na bi wani kebul mai ƙura da hannu,
na tarar na'urarsa ta mutu tun bara.
Na zare shi.
Kafa ɗaya.

Sha tara suna cikin kwali, suna kallona.